Kunne Kafin Baki: Tambayoyi da Amsoshi Kan Sautin Magana, Nahawu da Koyon Harshe Na Biyu

Waɗannan tambayoyi ne da ɗalibai, malaman firamare da iyayen yara suke yawan kawo mini. Wasu a aji, wasu bayan an tashi, wasu kuma a waya da daddare. Na lura yawancinsu damuwa ɗaya ce ke ƙarƙashinsu: mutum yana jin kunyar yadda yake furta Turanci ko Larabci ko Faransanci, yana zaton laifin ƙwaƙwalwarsa ne. Binciken masana harshe ya nuna abin yana da tsari, yana da dalili, kuma daga kunne yake farawa.

Mene ne ainihin aikin masu nazarin sautin magana?

Fanni biyu ne da ke tafiya tare. Ilimin furuci yana duba yadda ake samar da sauti: inda iska ta fito, abin da leɓɓa da harshe da hanƙa da ganɗa suka yi, da ko tantanin maƙwallato, wato akwatin murya da ke cikin maƙoshi, ya kaɗa ko bai kaɗa ba. Ilimin tsarin sauti kuma yana duba waɗanne sautuka ne wani harshe ya ɗauka da muhimmanci har suke canza ma'ana, da yadda yake jera su. A Hausa k da ƙ suna raba kafa da ƙafa, suna raba baki da baƙi. A Turanci wannan bambanci bai raba komai ba.

Duk wanda ya zauna gaban malamin tajwidi ya riga ya taɓa wannan ilimi. Makharijul huruf ai bayanin wuraren furuci ne. Al-Khalil ibn Ahmad, malamin Basra na ƙarni na 8, ya jera ƙamusunsa ne bisa mafitar haruffa, daga maƙogwaro zuwa leɓɓa, ɗalibinsa Sibawaihi kuma ya yi bayanin sautukan Larabci dalla-dalla. A Turai an kafa ƙungiyar masana furuci ta duniya a Paris a 1886, ita ce ta tsara alamomin da ake rubuta sautin kowane harshe da su. Yau kayan aikin sun sauƙaƙa. Da manhajar Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amsterdam suka ƙirƙira kuma kyauta ce, ɗalibi zai ɗauki muryarsa ya ga tsawon wasalinsa da hawa da saukar muryarsa a allon kwamfuta.

Me ya sa baƙi ke shan wuya da ɓ, ɗ, ƙ, ts da 'y?

Saboda injin da ke tura iskar daban ne. Yawancin sautukan magana da iskar huhu ake yin su. Waɗannan kuwa maƙwallato ne ke aikin.

Gwada da kanka. Ɗora yatsa a maƙoshinka ka ce ka, ka, ka, sannan ka ce ƙa, ƙa, ƙa. A na biyun za ka ji ƙashin maƙoshin ya yi tsalle sama. Abin da ya faru shi ne maƙwallato ya rufe, bayan harshe ya toshe hanya a hanɗa, wato can bayan rufin baki, iskar da ta maƙale a tsakani ta matsu, sai ta fashe da ƙara. Wannan shi ake kira tunkuɗau, kuma ts ma haka take. Za ka iya riƙe numfashinka gaba ɗaya ka yi ta furta ƙ, abin da ba zai yiwu da k ba. Su kuwa ɓ da ɗ haɗiyau ne, maƙwallato ƙasa yake yi, muryar kuma tana fita a matse. Ita 'y asalinta ɗ ce da ta haɗu da y, shi ya sa inda Bakano zai ce 'ya, Basakkwace zai ce ɗiya. A Nijar ana rubuta ta ƴ.

Na taɓa zama da wani baƙo mai koyon Hausa, na yi ta maimaita masa daidai da ɗaiɗai. Ya sunkuyar da kai, ya rufe ido, ya saurara da gaske, sannan ya ce shi kalma ɗaya yake ji. Gaskiya ya faɗa. Kunnensa bai taɓa buƙatar raba su ba, don haka yana zuba su a kwando ɗaya. Ka riƙe wannan labari, domin abin da ke samun mu da Turanci ke nan.

Da gaske ne Hausa tana da karin sauti? To me ya sa ba ma rubuta shi?

Tana da shi: karin sama, karin ƙasa, da faɗau. Kuka na hawaye da kuka ta miya baƙaƙe da wasulansu ɗaya ne, amma a na farkon muryar tana sama a gaɓoɓin biyu, a ta biyun tana sauka a gaɓar ƙarshe. Kai da ake ce wa namiji yana sama, kai na jiki yana faɗowa. Ga kuma tsawon wasali, wanda shi ma ba ma rubutawa: dawa ta tuwo da dawa ta maharba, gado na kwanciya da gado na magada.

Inda abin ya fi burge ni shi ne cikin nahawu. Dubi wannan jimla: "Na gaya masa ya tafi." Idan ka ja ya ɗin da murya sama, labari ka ba shi cewa wani ya riga ya tafi. Idan ka gajarta ta da murya ƙasa, umarni ka ba shi. Harafi ko ɗaya bai canza ba. Ɗan shekara huɗu ba ya kuskuren wannan a baki, amma mai karanta labarai a rediyo yakan yi tuntuɓe a kansa, ya dawo ya sake jimlar.

Waɗanda suka tsara rubutun boko sun bar kari da tsawo ne don sauƙi, suna dogaro da cewa ɗan harshe zai gane daga abin da ke kewaye. Mafi yawan lokaci hakan yana yi. A ra'ayina dai ya kamata littattafan koyon karatu na 'yan aji ɗaya da na baƙi masu koyo su riƙa nuna su, kamar yadda manyan ƙamusoshi ke yi.

Akwai ma r guda biyu da muke rubutawa da harafi ɗaya: ra-kaɗe ta bara mai yi wa sarki hidima, da ra-gare ta bara ta almajiri.

Me ya sa muke cakuɗa p da f a Turanci?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi mini, kuma yawanci da ɓacin rai, domin an yi wa mutane da yawa dariya a kanta.

Hausa ƙwayar sauti ɗaya take da ita a wannan wuri, wadda muke rubutawa f. Da leɓɓa biyu muke furta ta, kamar mai hura wuta. Wani lokaci leɓɓan su haɗe gaba ɗaya ta fito kamar p, kuma ma'ana ba ta canzawa. A yamma ma ta koma hw ko h: hwari, tahi, hita. Turanci kuwa sautuka biyu ne masu raba kalmomi. Ana yin f ɗinsa da haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, p kuma da leɓɓa biyu a rufe sai su buɗe da fashewar iska. Tamu tana tsakiyar nasu. Shi ya sa kalmomin aro suka shigo a matsayin fensir, fasinja, famfo, firamare, fursuna.

James Flege, wanda ya daɗe yana bincike kan furucin masu koyon harshe na biyu, ya bayyana wani abu da ya dace da mu ƙwarai. Sautin da ya yi kama da naka ya fi wuyar koyo a kan sabo fil. Sabon sauti kunne yana lura da shi. Mai kama kuwa sai ƙwaƙwalwa ta ce ai na san wannan, ta jefa shi cikin tsohon gurbi. Catherine Best ma ta nuna cewa wahala ta fi tsanani idan sautuka biyu na baƙon harshe suka faɗa gurbi ɗaya na harshen uwa. Abin da ke damun Japanawa ke nan da r da l na Turanci, abin da ya dami baƙona ke nan da d da ɗ.

Larabci ma haka muka yi masa, mun zuba sautukansa a gurabenmu. Ƙaf ta zama ƙ a alƙalami, ɗa ta zama ɗ a ɗalibi da sharaɗi, sa mai ɗigo uku da sad galibi sun zama s, harafin lad kuma ya zama l a alƙali, alwala da lalura. Malamanmu na dā ba sakaci suka yi ba, bin tsarin sautin harshensu suka yi.

Yaushe kunne yake daina jin waɗannan bambance-bambance?

Da wuri ƙwarai, kafin yaro ya fara tafiya. A 1984 Janet Werker da Richard Tees suka buga wani bincike da suka yi a Kanada da jariran da ake reno cikin Turanci. Sun koya wa jariri ya juya kai idan sauti ya canza, in ya juya daidai sai wani abin wasa ya haska ya motsa. Suka sa musu sautuka daga Hindi, da kuma tunkuɗau biyu daga wani harshen 'yan asalin ƙasar na dangin Salish, ɗaya daga cikinsu ɗan'uwan ƙ ɗinmu ne. Jarirai 'yan wata 6 zuwa 8 sun raba su. 'Yan wata 10 zuwa 12 yawancinsu sun kasa. Jariran da ake yi wa waɗancan harsuna a gida kuwa sun ci gaba da rabawa.

Patricia Kuhl da abokan aikinta a Seattle sun ƙara wani abu a 2003. Sun kawo masu jin Sinancin Mandarin suna wasa da jariran Amurka 'yan wata 9, zama 12 kacal. Jariran suka riƙe bambancin sautukan Mandarin. Waɗanda aka nuna wa mutanen nan a bidiyo, ko aka sa musu murya kawai, ba su koyi komai ba. Iyayen da ke ajiye wa jariri waya don ya tsinci Turanci su lura da wannan. Goggo da ke rawa da shi a cinya tana masa waƙa ta fi allon nan koya masa harshe.

Me ya sa muke ƙara wasali a kalmomin aro, kamar direba da burodi?

Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali, ko baƙi da wasali da baƙi. Ba ta yarda baƙaƙe biyu su buɗe kalma. Idan kalma ta zo da cunkoso sai mu raba shi da wasali: direba, birki, burodi, sukudireba, fulawa.

Abin mamakin shi ne wasalin yakan shiga tun a kunne. Japananci ma ba ya son cunkoson baƙaƙe, kuma a 1999 Emmanuel Dupoux da abokansa sun sa wa Japanawa da Faransawa kalmomin ƙirƙira irin su ebzo. Faransawa suka ji ebzo. Japanawa suka ce sun ji ebuzo, har suka sha wuya wajen raba wadda ke da u da wadda ba ta da ita. Saboda haka malamin da ke yi wa yaro tsawa saboda ya ce sukul maimakon school ya sani mai yiwuwa abin da yaron ya ji ke nan.

Wanda bai yi makaranta ba ya san nahawu?

Ya sani sarai, sunayen dokokin ne kawai bai sani ba. Tambayi tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alli ba jam'in mota, za ta ce motoci. Gida, gidaje. Ƙasa, ƙasashe. Kaza, kaji. Ɓarawo, ɓarayi. Doka ɗaya ce ke aiki: t, d, s, z da w suna komawa c, j, sh, j da y a gaban i ko e. Masana suna kiran ta ganɗantawa. Ita ce ta sa muke cewa ya saci akuya, ya sace ta, alhali tushen sata ne.

Haka za ta ce "sun zo", amma "su wa suka zo?" Za ta ce "suna aiki", amma "aiki suke yi". Ba wanda ya zaunar da ita ya ce idan an yi tambaya ko an gabatar da wani abu don ƙarfafawa, lamirin lokaci yana canza siga.

Sai aikatau. Daga tushe ɗaya muna da saya, saye, sayar, sayo, sayu. Sayo tana jawo abin zuwa nan, saye tana ƙare shi duka, sayar tana fitar da shi daga hannu, sayu tana nuna ya yiwu. F. W. Parsons ne ya tsara irin waɗannan sigogi cikin giredi bakwai, wato rukunonin aikatau bakwai, a 1960, kuma har yau a kansa ake koyarwa, duk da gyare-gyaren da Paul Newman da wasu suka kawo. Babban littafin nahawun Newman ya fito a 2000, na Philip Jaggar a 2001. A gida kuma M. K. M. Galadanci, Dauda Bagari da Mu'azu Sani Zariya suna cikin waɗanda suka shimfiɗa wannan ilimi, har ya zama ana karanta shi da Hausa a jami'o'i.

Na wuce shekara talatin. Lokacina ya wuce ke nan?

Bai wuce ba, amma zan faɗa maka gaskiyar abin da aka gano. Eric Lenneberg ya yaɗa ra'ayin cewa akwai wani zangon ƙuruciya da koyon harshe ya fi sauƙi, a 1967. A 1989 Jacqueline Johnson da Elissa Newport suka gwada mutum 46 'yan asalin Sin da Koriya da ke zaune a Amurka. Waɗanda suka iso suna tsakanin shekara 3 da 7 sun yi daidai da 'yan ƙasa a gwajin nahawu, daga nan sakamakon ya riƙa raguwa. A 2018 Joshua Hartshorne, Joshua Tenenbaum da Steven Pinker suka yi amfani da amsoshin mutum kusan 670,000 ta intanet, suka ƙiyasta cewa ƙarfin koyon nahawu yana nan da kyau har wajen shekara 17.

Furuci ne ke fara taurara, nahawu ya fi shi jinkiri, kalmomi kuwa har tsufa ana tara su. Kuma ma'aunin waɗannan bincike shi ne zama kamar ɗan ƙasa, wanda ba shi ne buƙatar yawancinmu ba. Ɗan kasuwar da ya je Guangzhou yana da shekara arba'in yana buƙatar a fahimce shi ne ya fahimci mutane, kuma wannan yana samuwa.

Ta yaya masana ke sanin abin da ƙwaƙwalwa ke yi da harshe na biyu?

Hanya ɗaya ita ce hular da ke ɗauke da wayoyi, wadda ke auna motsin lantarkin ƙwaƙwalwa yayin da mutum ke karatu ko saurare. A 1980 Marta Kutas da Steven Hillyard suka gano cewa idan kalma ta saɓa wa ma'ana, kamar a ce "ta dama fura da takalmi", ana ganin wata alama kimanin kashi 400 cikin 1000 na daƙiƙa bayan kalmar. Suka kira ta N400. Kuskuren nahawu, irin "yarinyar ya tafi", wata alama yake tayarwa daga baya kaɗan, wadda Lee Osterhout da Phillip Holcomb suka bayyana a 1992, ana kiran ta P600.

Da aka bi masu koyo, an ga sabon ɗalibi yakan amsa kuskuren nahawu da alamar farko, kamar baƙuwar kalma ya gani, sai ya ƙware sannan ta biyun ta bayyana. Wani bincike na 2004 kan ɗaliban Faransanci a Amurka ya nuna cewa bayan kimanin awa 14 na darasi ƙwaƙwalwarsu ta fara raba kalmar gaske da ta ƙarya, alhali in an tambaye su da baki canki-canki suke yi. Nakan gaya wa ɗaliban da suka karaya wannan.

Hanya ta biyu bin motsin ido ce. Michael Spivey da Viorica Marian sun ba masu jin Rashanci da Turanci umarni da Rashanci su ɗauki kan sarki, wanda sunansa da Rashanci shi ne marka. Idanunsu suka riƙa leƙa alƙalamin allo da ke kan teburin, saboda sunansa na Turanci, marker, da sauti iri ɗaya yake farawa. Harsunan biyu duk a farke suke, ko da ɗaya kawai ake magana da shi. Shi ya sa kalmar Turanci ke riga ta Hausa zuwa bakinka wani lokaci, ko akasin haka.

Harshe biyu ba zai rikita yaro ba? Ingausa fa?

Ba ya rikita shi. Yaran Sabon Gari, na Jos, na Yamai da na zangon Kumasi suna tashi da harshe biyu ko uku lafiya lau. Yaro mai harshe biyu yana iya samun kalmomi kaɗan a kowane ɗaya da farko, amma in an haɗa duka ba ya baya. Surkin ma, wato haɗa harshe biyu a magana ɗaya, da tsarinsa. Shana Poplack ta nuna a 1980, daga maganar 'yan Puerto Rico a New York, cewa masu surki suna sauya harshe ne a wuraren da nahawun biyu ya yarda, kuma ƙwararru a duka biyun ne suka fi yi a tsakiyar jimla.

Abin da ke damuna daban ne: gidan da aka hana yaro Hausa don Turancinsa ya yi kyau, alhali iyayen kansu Turancin bai zauna musu ba. Yaron yakan tashi ba ya iya hira da kakarsa. Gwajin da Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, ya nuna Turancinsu bai ragu ba.

Wace Hausa ce daidai, ta Kano ko ta Sakkwato?

Daidaitacciyar Hausa an gina ta ne galibi a kan Kananci don rubutu da makaranta. Ta fuskar ilimin harshe kuwa kowane kari cikakke ne, kuma na yamma ya riƙe tsofaffin siffofi da yawa. Zamna, sabro da sabka sun girmi zauna, sauro da sauka. August Klingenheben ne ya bayyana wannan sauyi a ƙarshen shekarun 1920, har ake kiran dokar da sunansa. Ita ce ta ba mu talauci daga talaka.

To a aikace, me zan yi in gyara furucina?

Fara da kunne. A 1991 John Logan, Scott Lively da David Pisoni na Jami'ar Indiana suka horar da Japanawa manya kan r da l. Suna sa musu kalmomi biyu da sauti ɗaya ya raba, daga bakin mutane daban-daban, mai saurare ya zaɓa, a gaya masa nan take ko ya dace. Cikin 'yan makonni jinsu ya gyaru. Binciken da Ann Bradlow ta jagoranta a 1997 ya nuna furucinsu ma ya inganta, alhali saurare kawai aka horar da su. Sirrin yana cikin yawan muryoyi da gyara nan take.

Ka samo jerin kalmomi irin pan da fan, pull da full, ka sa mutum uku ko huɗu da suka iya su karanta maka su a waya ba bisa jeri ba. Ka saurara ka rubuta abin da ka ji, ka duba amsa. Minti goma kullum ya fi awa biyu ranar Asabar. In kunnen ya fara rabawa, ka ɗauki madubi: a f dole ka ga haƙoranka na sama sun sauka kan leɓen ƙasa, a p kuma leɓɓan su rufe ruf. Riƙe 'yar takarda a gaban bakinka, p ta farkon kalma za ta buga ta da iska lokaci guda, f kuwa hura ta za ta yi a hankali. Ga mai gyaran karatun Alƙur'ani hanyar malamai ta dā ita ce wannan ɗin: ka zauna gaban wanda ya iya, ka kalli bakinsa, ya karanta ka maimaita, ya tsayar da kai a kan harafin da ka kauce har sai ya fita daga mafitarsa.